Buhun da Ke Ƙarƙashin Keken Ɗinki

A kusan kowane shagon tela, daga Mabai zuwa cikin garin Ƙanƙara, daga Faskari zuwa Sabuwa, akwai wani buhu da ke jingine a ƙarƙashin tebur ko a bayan ƙofa. Ba a cika tambayar abin da ke cikinsa ba, domin kowa ya sani: ƙyallaye ne. Ragowar shaddar wani ango, gefen atamfar wata amarya, guntun leshin ankon bikin da aka yi shekara uku da suka wuce, har da yadin makarantar yaron da yanzu ya fara tsirar gemu. Sama da buhun kuma, a kan igiya ko ƙusoshin bango, ga ledoji a rataye, kowace da ɗinkin wani a ciki. Wasu an yanka ba a haɗa ba. Wasu an gama, an goge, masu su ba su dawo ba. Wasu kuwa ko an ɗora wa tela rantsuwa ba zai iya faɗin mai su ba.

An saba ɗaukar wannan tari a matsayin halin sana'a, kamar yadda ba a raba kafinta da garin katako ko maƙeri da toka. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Garin katako ba shi da mai shi. Tarin da ke shagon tela kuwa abu uku ne aka cakuɗa wuri ɗaya: dukiyar mutane da aka ba shi amana, jarinsa na kansa, da kuma ragowar da za a iya mayarwa kuɗi. Duk telan da bai raba ukun nan ba yana zaune ne a kan rigimar da ranarta ba ta zo ba tukuna.

Masu yawan leƙa intanet sun san yayin da ya taso daga ƙasashen da kaya suka yi wa mutanensu yawa, na rage tarkacen gida. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a kansa, da littafinta na 2011 da shirinta na Netflix na 2019, inda take koyar da cewa mutum ya ɗauki kayansa ɗaya bayan ɗaya, wanda bai faranta masa rai ba ya rabu da shi. Masu ɗinkin barguna na ƙyalle-ƙyalle a Amurka da Ingila, waɗanda ke sayen yadi don sha'awa har ya cika musu ɗaki, sun rungumi wannan shawara. Ta dace da su, tunda yadin nasu ne, kuma in sun zubar za su iya sayen wani. Telan Mabai ba shi da wannan 'yanci. Mafi yawan abin da ke ɗakinsa ba nasa ba ne, saboda haka tambayar farko a wurinsa ita ce: wannan na waye?

Shari'a ta riga kowa yin wannan tambaya. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Katsina ke hukunci da ita, mai sana'ar da ya zauna yana karɓar aikin jama'a, irin su tela da marini da maƙerin farfaru, shi ke da lamunin abin da aka ba shi idan ya ɓace ko ya lalace a hannunsa ba a gaban mai shi ba, ko da lada zai yi aikin ko kyauta. Hukuncin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda har yau ake karantawa a zaurukan malamai. Ya bambanta da hukuncin wanda aka bai wa ajiya kawai, domin shi mai ajiya ana gaskata shi idan ya ce abin ya salwanta ba da sakacinsa ba. Mai sana'a kuwa sai ya kawo shaidar hakan kafin a sauke masa lamuni. Dalilin malamai a fili yake: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, kuma da za a riƙa gaskata kowane tela a kan ya ce "ya ɓata", da babu wanda zai kwana da kwanciyar hankali bayan ya ba da yadinsa.

Sai a dubi abin da wannan yake nufi a ƙauyen da ke yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma shekaru ke nan suna fama da 'yan bindiga. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, amma mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun san tashin dare tun kafin wannan rana, sun kuma ci gaba da saninsa bayanta. A irin wannan wuri, shago yana iya ƙonewa, ana iya fasa shi, mai shi yana iya kulle shi da gaggawa ya nufi Funtuwa ko Malumfashi da iyalinsa, ba tare da ya san ranar dawowa ba. Idan ƙura ta lafa, masu kaya za su zo. Wannan zai ce shaddarsa yadi goma ce mai tsada, wancan zai ce atamfar matarsa turmi uku ce. Telan da ba shi da komai sai ƙwaƙwalwarsa ba zai iya musa ko ɗaya ba, ba zai kuma iya tabbatar da ko ɗaya ba. Mutanen kirki da yawa za su yafe, amma yafiyar da aka yi cikin zargi tana kashe ciniki kamar yadda ƙara a gaban alƙali take kashe shi.

Maganin bai kai kuɗin tef ɗin awo ba: littafi mai bango mai ƙarfi, da biro. Suna, unguwa ko ƙauye, ranar da aka kawo, yawan yadi, abin da aka biya da abin da ya rage, sannan a yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga gefen yadin a manne shi a shafin. Lambar shafin ita za a rubuta a takarda a ɗinke a jikin kayan, kada a bar ta a jikin leda, domin leda tana yagewa, tana kuma canja hannu. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Babu alƙalin da zai raina shi. Matasan teloli sukan ce ai waya ta wadatar, suna ɗaukar hoton yadi su ajiye lambar mai shi. Waya tana da amfani, amma ita ce abu na farko da ɗan fashi ke karɓa. Kuma mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka yi watanni babu mai iya kiran kowa. Littafin kuma kada ya kwana a shago. Wurinsa aljihun tela, ya tafi da shi gida kamar yadda yake tafiya da makulli.

Akwai wata matsala da rashin tsaro ya sauya wa fuska, wato ɗinkin da aka gama ba a zo an karɓa ba. A da, fassararsa ɗaya ce: mai shi ba shi da kuɗin biya, ko ya yi fushi saboda an saɓa masa alƙawarin Sallah. Yanzu fassarorin sun yi yawa, kuma wasunsu masu nauyi ne. Mai rigar yana iya kasancewa ya yi gudun hijira zuwa Katsina ko Kano. Yana iya kasancewa a daji, danginsa na sayar da gona don haɗa kuɗin fansa. Yana iya kasancewa ya rasu, magadansa ba su ma san akwai riga a wurin tela ba, alhali ta shiga cikin abin da za a raba. Don haka telan da ya gaji da ganin kaftani a rataye shekara biyu, ya ɗauka ya sayar don ya fanshi ladansa, yana iya cin dukiyar marayu bai sani ba. A ɗaya gefen kuma, ba adalci ba ne a ce ya mayar da shagonsa ma'ajiyar da ba a biya har abada, ga zarensa da guminsa a ciki. Wannan ba hukuncin da mutum ɗaya zai yanke a kan kekensa ba ne. Aikin ƙungiyoyin teloli ne su zauna da limamai da masu unguwanni su tsayar da ƙa'ida: wa'adin jira, yadda za a yi cigiya, wanda za a kai wa maganar idan wa'adi ya cika, da inda rarar kuɗi za ta zauna idan aka sayar. Ƙungiyoyin da ke iya haɗuwa su ƙara kuɗin ɗinki kafin azumi suna iya haɗuwa a kan wannan.

Sai ragowar yadi, wadda ita ce tushen tsohon zargin da ke tsakanin tela da jama'a. Magidanci yakan sayi yadi biyar don kaftani da wando, ko goma idan da babbar riga. Turmin atamfa yadi shida ne. Jikin mutane kuwa ba ɗaya ba ne, don haka kusan kullum sai wani abu ya rage. Malamai sun saba rarrabewa tsakanin ɗan abin da al'ada ta nuna babu mai waiwayarsa, da wanda zai iya zama hula, ko rigar jariri, ko ɗankwali. Na biyun na mai yadi ne, sai in ya ce ya bari. Iyakar da ke tsakanin biyun ita ce ba a taɓa shatawa ba, kuma tsadar rayuwa ta matsar da ita. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Yawancin yadin da ake saye a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, tun bayan da masaƙun gida suka durƙushe: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a farkon shekarun 2000, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Abin takaicin shi ne wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi da Faskari ƙasar auduga ce, wadda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa tun zamanin Turawa. Jikan manomin auduga yanzu yana sayen yadi da farashin dala, kuma rabin yadin da uwa za ta ƙyale shekara goma da suka wuce, yau wandon ɗanta ne.

Telan da ke son a daina yi masa kallon ɓarawo, hanya mafi sauƙi ita ce ya naɗe ragowar ya sa a cikin ledar ɗinki, komai ƙanƙantarta, ko ya tambaya a ranar awo. Mafi yawa za su ce ya riƙe. Bambancin shi ne yanzu ya riƙe da izini, kuma abin da ya shiga buhu ya zama halalinsa da zai iya juyawa yadda ya so.

Shi wannan buhu kuwa an daɗe ana raina shi. Ƙasar Hausa ba baƙuwar haɗa ƙananan ƙyallaye su zama babban abu ba ce. Rigunan da suka sa Kano ta yi suna, waɗanda Heinrich Barth ya ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara lokacin da ya zo a 1851, daga siraran saƙa ake haɗa su, wasu faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ba, a jera a ɗinke gefe da gefe har su zama riga. Shi kansa ɗinkin da ake cusa auduga a tsakanin yadi biyu a bi da allura, wanda Turawa ke yin barguna da shi, yana da suna a Hausa tun ƙarnoni: lifidi. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, kuma duk wanda ya kalli hawan Sallah a Katsina ya ga 'yan lifida da dawakansu sanye da shi, sau da yawa da launuka daban-daban a jere. Hannun da ya iya ɗinka wa doki rigar da za ta tare kibiya ba zai gaza ɗinka wa yaro bargon da zai tare sanyin hunturu ba.

Wasu al'ummu sun nuna iya nisan da abin zai iya zuwa. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun yi ta haɗa barguna daga tsofaffin kayan aiki saboda talauci da sanyi. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan zuwa New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a kan kan sarki. A Sanagal, mabiya Shehu Ibra Fall sun mayar da rigar faci-faci alamar da ake gane su da ita. Ba a kawo waɗannan don a ce matan Sabuwa su jira masu saye daga Turai ba. Wannan mafarki ya yaudari ƙungiyoyin tallafi da yawa. Kasuwar tana nan kusa: almajirin da ke kwana a zaure a watan Janairu, iyalin da suka baro gida da kayan jikinsu kaɗai, uwar da ke neman majanyi ko shimfiɗar jariri da ba za ta iya sayen sabo ba. A yanzu mafi yawan ƙyallayen sukan ƙare ne a cikin matashi, ko gammo, ko tsumman goge babur, sauran a ƙone su a bayan shago ko ruwa ya kwashe su ya toshe kwata.

Abin da ke hana buhun zama jari shi ne cakuɗa. Yaron shago ba zai zauna yana tonon buhu don neman guntun da zai yi aljihu ba. Zai yanka daga sabo. Idan aka raba tun a kan tebur, manya a ninke a jera bisa launi inda ido zai gan su, matsakaita a wuri ɗaya, ƙanana a wani, sai aikin ya zama na minti biyar kowace yamma, kuma shi ne darasin farko da ya kamata a koya wa mai koyo kafin a bar shi ya taka keke. A kuma raba auduga da yadin roba, domin ba sa wankuwa ɗaya, ba sa guguwa ɗaya, kuma bargon da aka haɗa su a ciki yakan tattare. Gane su ba wuya: a kusanta zare ɗaya ga ashana, auduga za ta ci ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa za ta narke ta dunƙule. Sauran abin da ɗakin ke buƙata yanayin ƙasar ne ya faɗe shi. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa, saboda haka yadin da ya kwana a ƙasa ko ya jingina da bangon laka a watan Agusta, in bai yi fumfuna ba gara za ta same shi. Katako biyu a kan bulo, tazarar hannu ɗaya daga bango, sun isa. Rana tana cin launi, don haka abin da ke bakin ƙofa don talla ya zama samfuri, kayan mutane su koma ciki. Man keke da shadda ba sa haɗa shiryayye.

Ga matan da ke ɗinki a cikin gida, waɗanda babu wanda ya ƙirga su amma su ke ɗinka wa rabin unguwa, matsalar ta fi matsi. Ɗakin ɗinkin shi ne ɗakin kwana, nan yara ke rarrafe, nan ake ajiye kwanon abinci. Allura da reza da fil suna ɓuya a cikin ƙyallen da ke ƙasa, kuma gwangwani ɗaya mai murfi a rataye sama da inda hannun yaro ke kaiwa ya fi duk wani faɗa da za a yi bayan an taka.

A ƙuryar wannan ɗaki ne kuma ake samun ɗaya tarin, wanda ya fi na tela daraja, ya kuma fi shi wuyar taɓawa: akwatunan lefe, da turamen da ba a taɓa kai wa ɗinki ba. Masu ilimin boko sukan yi wa wannan dariya, su kira shi son tara kaya. Ba su fahimce shi ba. Tun zamanin adaka da kwalla, zane ajiya ce da mace ke da cikakken iko a kanta. Ba ta neman sa hannun kowa, ranar da ciwo ya tashi ko biki ya matso sai ta kira dillaliya. Wadda ta sayi atamfa mai kyau a 2022 ta ajiye, ta fi wadda ta ajiye kuɗinta a asusu, ganin cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A farkon 2023 ma, lokacin da canjin takardun naira ya sa masu kuɗi a banki suka rasa na cefane, an ga amfanin dukiyar da ake iya taɓawa da hannu.

Duk da haka wannan banki yana da ɓarakar da ya kamata a faɗa wa masu shi. Dillaliya ba ta saye a farashin kasuwa, kuma ta san wadda ta kira ta a matse take. Yayi yana wucewa. Kasuwa ta cika da jabu masu ɗauke da tambarin Holan, wanda mijin da ya haɗa lefe bai iya bambancewa ba, sai ranar sayarwa gaskiya ta fito. Asu da danshi suna aiki a cikin akwatin da aka shekara ba a buɗe ba, shadda kuma tana karyewa a kan ninkin da ya daɗe. Sama da duka, akwati shida ba sa gudu. Macen da ta ji harbi da tsakar dare za ta ɗauki goyonta ne, ta ja na bin sa. Abin da hankali zai karɓa shi ne a buɗe akwatunan sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a shanya a inuwa, a sauya ninki, a sa kafur. Turame kaɗan masu daraja ta gaske, waɗanda aka tabbatar da asalinsu, su zauna a ƙunshi ɗaya da za a iya saɓawa a ka. Sauran a ɗinka, ko a sayar tun ana da ikon yin ciniki, ko a bai wa 'yar'uwar da ta dawo daga ƙauye ba ta da na canji. Kuma wata amintacciya a cikin dangi ta san abin da ke ciki, da wanda aro ne, da wanda aka ajiye don auren wace yarinya, domin rabon gado ya sha raba 'yan uwa a kan zanen da marigayiya kaɗai ta san labarinsa.

Lokacin yin duk wannan a shago ba watan azumi ba ne, sa'ad da tela ke kwana a kan keke, masu kaya na tsaye a ƙofa. Makon da ya biyo bayan Babbar Sallah ne, lokacin da aiki ya yi sanyi, yaran shago na zaune suna hamma. A fitar da komai tsakar fili, a karanta sunayen da ke littafi ɗaya bayan ɗaya, a aika yaro gidan duk wanda ke kusa. Ledojin da suka rage babu suna a jikinsu, a kai jerinsu wurin mai unguwa, a kuma roƙi liman ya yi cigiya bayan sallar Juma'a.